Takarda, waya, allon zane ko iPad: da me za ka zana labarin kura da barewa?

Ƙanena ya cika littafin makaranta guda da wani labari da yake zanawa da biro. A cikinsa akwai daji mai fada da sarauta, akwai kura mace da ke jan ragamar garkenta, akwai kuma wata barewa da ita kaɗai ta san inda ruwa ya rage a tsakiyar rani. Kurar ba za ta iya cin barewar ba, domin in ta ci ta garkenta zai mutu da ƙishi. Barewar kuma ba za ta iya gudu ba, domin 'ya'yanta na hannu. Shafi goma sha ɗaya ya yi, sannan ya zo ya same ni da 'yan kuɗin da ya tara.

"Yaya, so nake in sa masa launi. In sayi allon nan da ake jonawa da laftof ne, ko in ƙara haƙuri in tara na iPad?"

Na shekara shida ina irin wannan zane bayan na tashi daga aiki, kuma kusan duk hanyoyin nan na taɓa su, wasu nawa wasu na aro. Amsar da na ba shi ta yi tsawo, shi ya sa na ga gara in rubuta ta, don na san ba shi kaɗai ne yake wannan wasi-wasin ba.

Abin da labarin dabbobi yake nema daga kayan aiki

Na farko shi ne nauyin hannu. Mai zanen mutane zai iya tsira da layi mai kauri ɗaya daga farko har ƙarshe. Mai zanen dabbobi ba zai tsira ba. Gashin da ya miƙe a ƙeyar kura yana farawa da kauri ya ƙare da siriri. Ƙafar barewa layi ɗaya ce tak, in ta yi kauri ta zama ƙafar jaki. Don haka kana bukatar alƙalamin da in ka danna layi zai kumbura, in ka sassauta ya rame. Za ka ga masu sayarwa suna rubuta 2048 ko 4096 ko 8192 a jikin kwali, wato matakan jin nauyin da alƙalamin yake da su. Kada lambar ta ɗauke maka hankali. Hannu ba ya bambance su sosai. Tambayar ita ce, yana jin nauyin ko ba ya ji?

Na biyu shi ne yawan leya, wato shimfiɗun da kake ɗora ɗaya bisa ɗaya. Rabin labarin mafarauci da abin farauta da dare yake faruwa. Shafi ɗaya zai ci leyar layi, ta launin jiki, ta ɗigon fatar kura, ta inuwa, ta hasken wata, ta ƙurar da ƙafafu suka tayar, ta ciyawar gaba da ta baya. Takardar A4 mai ingancin bugawa, wato ɗigo 300 a kowane inci, tana da fiksel 2480 a faɗi da 3508 a tsawo. Kowace leya da ta cika wannan fili tana cin kusan megabait 35 na RAM, wato ƙwaƙwalwar da na'ura take aiki da ita, leya talatin kuwa sun kai gigabait ɗaya. A nan ne ƙaramar waya take fara numfashi sama-sama.

Na uku shi ne kayan haɗa shafi: yanka shafin gida-gida, da'irar magana, da rubutu. Mu masu rubutu da Hausa muna da wata matsala tamu ta daban. Yawancin salon haruffan da aka yi wa labarin zane ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Ka rubuta "ƙishi" sai ka ga ɗan akwati a gurbin harafin farko, ko harafin ya fito da wata siffa dabam kamar baƙo a cikin 'yan gida. Manhajar da za ta bar ka ka shigo da haruffanka, irin su Andika ko Noto Sans da ke ɗauke da masu lanƙwasa, ta fi wadda ta ɗaure ka da nata.

Sai wuta, sai kuɗi, sai ƙarko, sai haɗarin rasa aiki. Waɗannan huɗun ba sai na yi wa kowa bayaninsu ba.

Takarda da tawada, launi a waya

Wannan ita ce hanyar da ake rainawa, ni kuwa ita na fi yawan ba mutane shawara a kai. Ka zana da fensir, ka bi da baƙar tawada, ka goge fensirin, ka ɗauki hoto, ka zuba launi a waya. Nauyin hannu yana nan cif, domin hannunka ne a kan takarda, ba wata na'ura a tsakani. Alƙaluman zane irin su Sakura Pigma Micron suna da kyau in an samu, amma baƙin biro mai kyau da ƙaramin burushi suna yin aikin.

Inda ake samun tangarɗa shi ne wajen ɗaukar hoton. Ka fita tsakar gida da safe, ka shimfiɗa takardar a inuwa, ba cikin rana ba, ka riƙe wayar daidai saman shafin kada ta karkata. In ta karkata ƙafafun dabbar za su gajarce, in inuwar hannunka ta faɗa kan takardar za ta bi ka har cikin launi. Shagon da ake kwafin takardu kuma yakan sami sikana, shafi ya fito fes da kuɗi kaɗan. Manhajar ibis Paint X, wadda wani kamfanin Japan ya yi, tana tambayarka da kanta in ka shigo da hoto ko ta tsame maka layin daga farin takarda. In manhajarka ba ta yin haka, ka sa leyar layin a kan tsarin haɗa launi mai suna Multiply, farin zai ɓace, baƙin ya tsaya, ka zuba launi a ƙarƙashi.

Zuba launi da ɗan yatsa ba ya bukatar nauyin hannu kamar yadda layi yake bukata. Barewa ja-ja ce a baya, fara a ciki, da siririn baƙin layi a gefen haƙarƙari. Launi uku ne, bokitin fenti na manhajar zai zuba su cikin minti biyu in layinka a rufe yake. Wahalar tana ga ɗigon kura da ciyawa, inda za ka yi ta faɗaɗa hoto kana matsewa har ido ya gaji.

Kuɗinta kusan babu, tunda wayar tana hannunka. ibis Paint X kyauta ce, da talla, kuma wasu burusan sai ka kalli talla suke buɗewa na wani lokaci. Tana da abin yanka shafi gida-gida. Ba ruwan zanen da wuta, sai launin. Kuma takardar tana nan a akwati ko da wayar ta faɗa ruwa, wanda babu wata hanya a cikin sauran da za ta ba ka wannan kwanciyar hankali. Rauninta gyara. In ka gama tawada sannan ka ga wuyan kurar ya yi gajere, sai dai sabuwar takarda. Gumin hannu a lokacin zafi ma yana ɓata fensir, don haka ka riƙa sa wata takarda ƙarƙashin tafin hannunka.

Waya zalla, daga layi har launi

Akwai masu yin abin mamaki da ɗan yatsa a fuskar waya, ina kuma girmama su. Sai dai ga labarin dabbobi mai shafuka da yawa, ban ga dalilin da mutum zai wahalar da kansa haka ba alhali takarda na nan. Alƙaluman roba masu araha da ake sayarwa tare da kayan waya ɗan yatsa ne kawai mai tsini, ba sa jin nauyi. Manhaja tana iya sirantar da bakin layi da kanta, amma duk gashin sai ya fito iri ɗaya, kamar tsintsiya.

Inda wayar ta dace shi ne labarin da ake karantawa ana jan sa sama, irin na manhajar Webtoon, wanda faɗinsa fiksel 800 ne kawai. Filin ƙarami ne, leya ba ta da nauyi. In can ka nufa, wayar za ta iya.

Allon zane mara fuska, tare da laftof

Wannan shi ne abin da nake aiki da shi yau. Faranti ne baƙi da ake jonawa da laftof ta USB. Kana zane a kansa, idonka na kan fuskar kwamfuta. Wacom na Japan, wanda aka kafa a 1983, shi ne tsohon hannu a wannan sana'a, sai Huion da XP-Pen da suka zo da masu sauƙin kuɗi. Ƙanana irin su Huion H640P zuwa matsakaita irin su XP-Pen Deco 01 V2 suna yawo tsakanin dala 30 da 70, kafin kuɗin kawowa da ribar ɗan kasuwa. Alƙalaminsu ba ya cin batir, allon kuma daga laftof ɗin yake shan wuta.

Makon farko da shi akwai ɗaci. Hannu na ƙasa, ido na sama, za ka nufi hancin kura layin ya faɗa kunnenta. Ni sai da na yi kwana goma ina zana da'ira da wutsiyoyi kafin hannun ya yarda. Da yawa a nan suke ajiye shi su ce an cuce su. Ba a cuce su ba, lokaci kawai yake so. Bayan ya zauna, akwai wani amfani da ba a cika faɗa ba: kana zaune a miƙe, wuya ba ya sunkuye, hannunka kuma ba ya rufe maka abin da kake zanawa.

Ƙarfin wannan hanya yana ga manhajojin da take buɗe maka. Krita kyauta ce ɗungurungum, ba talla, ba kuɗin wata, ba ta bukatar intanet. Burusanta na gashi da na ƙura suna da kyau ƙwarai. Tana da wani abu mai suna Colorize Mask, inda za ka ɗan shafa ja a bayan barewa, fari a cikinta, ita kuma ta cika sauran har bakin layi, ko da layin yana da 'yan ɓaraka. Duk wanda ya taɓa zana gashi ya san ɓarakar nan, inda bokitin fenti yake tsiyayewa ya malale shafi duka. Clip Studio Paint kuma, ta kamfanin Celsys, don labarin zane aka gina ta tun asali: gidajen shafi, da'irar magana, layukan gudu, da bokiti mai toshe ɓaraka. A kwamfuta ana iya sayen ƙaramin zubinta, PRO, sau ɗaya. Babban zubin, EX, shi ne mai tattara shafuka da yawa a littafi ɗaya, kuma ya fi wancan tsada nesa ba kusa ba. Ga mai yi don sha'awa, Krita ta wadatar.

Ƙarko kuwa, babu gilashin da zai fashe. Tsinin alƙalami yana cinyewa, ana kuma sako wasu a kwali. Inda yake lalacewa shi ne bakin da igiyar take shiga, don haka kada ka naɗe igiyar a jikinsa. Lokacin hunturu ka share ƙura kafin ka fara, domin ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin tsini tana karce allon.

Haɗarinsa laftof ɗin ne. In ba ka da ita, kuɗin ya tashi daga dala hamsin zuwa ɗaruruwa. In kana da ita amma batirinta ya mutu, to zanenka na hannun masu ɗauke wuta. Na taɓa shafe awa biyu ina ɗiga wa kuraye bakwai fata a wani shafin da suka kewaye tafki, ban ajiye ba, wuta ta tafi, laftof ta mutu a take. Na zauna cikin duhu na jima ban motsa ba. Tun ranar na kunna ajiyar da manhaja take yi da kanta, na kuma canza batir kafin in sayi wani abu na zane. Ka nemi RAM gigabait 8 aƙalla in shafin bugawa kake so.

Allo mai fuska

Shi ma da kwamfuta ake jona shi, sai dai a kan hoton kake zane kai tsaye. Ƙanana masu inci 12 ko 13 suna farawa daga wajen dala 200. Daɗin hannu akwai shi. Amma ya haɗa matsalolin ɓangare biyu: yana bukatar laftof, yana ƙara mata shan wuta, yana da tarin igiyoyi, ga gilashi. Wanda yake da sola a gida da tebur nasa na kansa zai more shi. Wanda ba shi da su, ya wuce.

Tab mai alƙalami: iPad ko Samsung

Nan ne zuciyar ƙanena take, kuma na fahimce shi. Ka ɗauki abu ɗaya, ka zauna a kan tabarma, ka zana a kan hoton, caji ɗaya ya kai ka sa'o'i da dama. Kana iya tafiya da shi Gidan Zoo na Audu Bako ka tsaya gaban kejin kura ka ga da idonka yadda ƙafafunta na gaba suka fi na baya tsawo, bayanta ya gangara, wuyanta ya yi kauri. Kana iya zama kusa da akuyar gidanku ka lura ƙwayar idonta a kwance take, idanun kuma a gefen kai suke, na kyanwa kuwa a gaba suke suna kallon abu ɗaya. Wannan bambancin shi ne rabin labarin, domin mai farauta yana duban abin da yake so, abin farauta yana duban ko'ina. Littafin zane na takarda ma zai raka ka duk waɗannan wurare, a tuna da haka.

Manhajar Procreate, wadda wani kamfani a Hobart ta Ostireliya ya fitar a 2011, a iPad kaɗai take aiki. Dala 12.99 ce sau ɗaya. Ban taɓa manhajar da ta kai ta saurin shiga hannu ba, kuma wajen fentin dare, hasken wata a kan gashi, tana da wuyar dokewa. Sai dai ba don labarin zane aka yi ta ba. Ba ta da abin yanka gidaje na musamman, da'irar magana da hannu za ka zana, yawan leya kuma yana raguwa in shafi ya girma ko iPad ɗin tsohuwa ce. Clip Studio Paint tana nan a iPad da Android, amma a can kuɗin wata-wata ko na shekara ake biya, biyan dala da katin banki kuma ba kullum yake tafiya sumul ba.

Sabuwar iPad mafi araha ta haura dala 300, alƙalaminta daban ake saye. A nan akwai ramin da nake so kowa ya sani. Apple Pencil mai USB-C da ya fito a 2023 ya fi sauran sauƙin kuɗi, amma ba ya jin nauyin hannu. Na farkon, na 2015, yana ji. Kuma ba kowane alƙalami ne yake aiki da kowace iPad ba, sai ka duba wanda ya dace da taka. Alƙaluman wasu kamfanoni masu kama da Apple Pencil kuwa, akasarinsu karkata kawai suke ji. In ta hannu za ka saya, a Farm Centre ne a Kano ko Banex a Abuja, kada ka miƙa kuɗi sai an goge ta a gabanka ta tashi ba ta nemi asusun iCloud na tsohon mai ita ba. Wadda take kulle da asusun wani, faranti ka saya.

Samsung Galaxy Tab S6 Lite, da ta fara fitowa a 2020, tana zuwa da alƙalaminta, S Pen, a cikin kwali, mai matakai 4096, ba ya kuma bukatar caji. Ta fi iPad sauƙin kuɗi in an haɗa komai, tana ɗaukar ibis Paint X da Krita ta Android. RAM ɗinta gigabait 4 ne, don haka shafin A4 mai leya da yawa zai ja ƙafa. Duka biyun gilashi ne, suna da santsi a ƙarƙashin alƙalami, faɗuwa ɗaya na iya cin rabin kuɗinsu, kuma zafi yana gajiyar da batir in ana barin su a mota ko a rana.

| Zaɓi | Kuɗin farawa | Nauyin hannu | Ƙarko | Sauƙin koyo | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Takarda da waya | kaɗan ƙwarai | cikakke | takarda na daɗewa | sauƙi | gyara na da wuya, hoto mara kyau |
| Waya zalla | babu | babu | gwargwadon wayar | matsakaici | gajiyar ido, ƙarancin leya |
| Allo mara fuska | dala 30 zuwa 70, in akwai laftof | akwai | mai ƙarfi | mako ɗaya zuwa biyu na wahala | batirin laftof da wuta |
| Allo mai fuska | daga dala 200, ban da laftof | akwai | gilashi da igiyoyi | sauƙi | shan wuta |
| iPad da Procreate | sama da dala 400 gaba ɗaya | ya danganta da alƙalami | gilashi | mafi sauƙi | fashewa, sata, kullen iCloud |
| Tab ta Samsung | ƙasa da iPad | akwai | gilashi | sauƙi | ƙarancin RAM |

Ko wanne ka ɗauka, kowace manhaja tana ajiye aiki a nata nau'in fayil, wanda wata ba lallai ta buɗe ba. Duk shafin da ka gama, ka fitar da shi a PSD don leyoyin su tsira, da PNG don kallo, ka aika su wani wuri da ba na'urar da kake zane da ita ba.

Wa ya dace da me

Wanda bai taɓa gama shafi goma ba, ya tsaya a takarda da wayar da ke aljihunsa har ya gama su. A nan zai gane ko labarin ne yake jan sa ko kayan aikin. Wanda yake da laftof mai rai, ko da tsohuwa ce, ya sayi allo mara fuska matsakaici ya sauke Krita, shi ne mafi yawan aiki a kan mafi ƙarancin kuɗi, kuma shi ya fi dacewa da mai niyyar buga littafi wata rana. Wanda wuta ba ta zama a unguwarsu kuma ba shi da laftof, tab ta Samsung mai S Pen ta fi masa, ya rage girman shafi. Wanda fentin ne ya fi damunsa fiye da yawan shafuka, yana son ya shafe dare guda a kan idon kura ɗaya da ke ƙyalli a cikin ciyawa, kuma kuɗin ba zai taɓa cefanen gida ba, iPad da alƙalami mai jin nauyi tasa ce. Allo mai fuska kuwa na wanda ya riga ya yi shekaru da mara fuska ne, yana da sola, ya kuma san abin da yake nema.

Ƙanena yana da tsohuwar laftof da na bar masa. Mun canza mata batir, ya sayi ƙaramin allo, canjin da ya rage ya sayi takardar zane mai kauri. Layin yana yin sa a takarda kamar da, domin hannunsa a biro ya riga ya nuna, launin kuma a Krita. Shafi na sha biyu shi ne inda barewar take shan ruwa, kurar na kwance a ɗaya gefen tafkin tana kallonta, kuma har yanzu yana neman shuɗin da zai sa daren ya yi duhu ba tare da ya haɗiye farin da ke ƙasan cikin barewar ba.